Ɗinki a Kan Iska: Tarihin Leshi da Nauyin Riƙonsa

A shekarar 2004 aka yi wa wata jaririya 'yar gidan sarautar Ingila baftisma, wato bikin shigar da jariri cikin addinin Kirista, sanye da wata doguwar riga wadda tsufa ya mayar da farinta launin madara. Jaririyar ita ce Louise, jikar Sarauniya Elizabet ta Biyu. Bayan wannan biki Sarauniya ta yanke shawarar cewa babu jaririn da zai ƙara shiga rigar. A lokacin ta shekara 163 tana aiki, jarirai 62 sun sa ta, shida daga cikinsu sun hau gadon sarauta, har da Sarki Charles na yanzu. Rigar siliki ce aka lulluɓe da leshin hannu, kuma zarenta ya gaji har ana gudun kada motsin ƙafar jariri ya keta shi.

A wurinmu leshi kayan kasuwa ne. Ana yankarsa yadi biyar a Kantin Kwari, a jera shi a akwatin lefe, a yi ankon biki da shi, in yayinsa ya wuce ya koma ƙasan adaka. Amma sunan da muke kiransa da shi, wanda muka aro daga Turanci muka gyara shi ya dace da bakinmu, ya fito ne daga wata sana'a mai shekara kusan 500, wadda sarakuna suka yi rigima a kanta, mata dubbai kuma suka ƙarar da idanunsu a cikinta. A gefen wannan sana'a akwai wata da ba a cika ba da labarinta ba: ta masu wankewa da adana abin da aka saƙa. Duk leshin da ya kai ga jikoki, ta hannun irin waɗannan ya bi.

Venis da Filandas

Leshi na ainihi ya bayyana a Turai a farkon ƙarni na 16, kuma wurare biyu ne suka yi fice da shi tun farko: birnin Venis na Italiya, da yankin Filandas, wanda yawancinsa ke cikin Beljiyam ta yau. Kafin nan abin da matan Turai suka sani shi ne surfani a kan yadi. Sannu a hankali suka fara zare wasu zaruruwa daga jikin yadin suna cike gurbin da ado, suna ƙara faɗin ramukan, har aka wayi gari an yar da yadin gaba ɗaya. Sai a zana fure a kan fata ko takarda, a shimfiɗa zare bisa layin zanen, a yi ta ƙulla ɗinki a kan ɗinki da allura, in an gama a yanke fatar a ɗaga aikin. Mutanen Venis suka sa wa wannan salo suna a harshensu mai ma'anar ɗinki a kan iska, domin babu yadin da ya riƙe shi sai kansa.

Salo na biyu ba ya bukatar allura. Mai saƙa takan ɗora matashi mai tauri a cinyarta, ta kafa fil a kan zanen, ta rataya zaruruwa masu yawa, kowane an naɗe shi a jikin 'yar sanda ta katako ko ta ƙashi. Da sarƙa sandunan da murɗa su ake fitar da furen. Aiki mai faɗi yakan ci sanduna ɗaruruwa, kuma dole ta san gurbin kowace. A wannan salo ne Filandas ta yi zarra.

Zaren da aka fi amfani da shi na lilin ne, wanda ake samu daga ɓawon wani tsiro da ake jiƙawa a sarrafa kamar yadda muke yi wa rama. Mafi laushinsa ya kai siririn da da ƙyar ido ke kama shi, kuma busasshiyar iska tana tsinka shi. Saboda haka a Brussels a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu danshi da duhu ake kaɗa shi, a bar 'yar kafa guda ta haske ta sauka daidai kan zaren. Wannan ya isa ya nuna wa mai karatu irin abin da ake gadon: kaya ne da tun ranar haihuwarsa yake rigima da iska da haske.

Zaren da ya hana sarakuna barci

A ƙarni na 17 leshi ya zama ma'aunin arziki a Turai. Maza ma sun fi mata sa shi a wuya da hannun riga da bakin takalmi. Kuɗin da manyan Faransa ke kwasa suna kai wa Venis ya yi yawa har ya dami gwamnati. A 1665 Colbert, ministan kuɗi na Sarki Louis na 14, ya kafa masana'antun leshi na sarauta a garuruwa da dama, ciki har da Alençon, ya kuma sa aka lallaɓo gwanaye daga Venis su koyar da matan Faransa. Majalisar Venis ta ɗauki wannan a matsayin cin amanar ƙasa, ta yi barazanar ɗaure dangin duk wadda ta tafi ta ƙi dawowa. A Ingila kuwa majalisa ta haramta shigo da leshin waje a 1662. Dokar ba ta hana komai ba: 'yan fasa-ƙwauri suka ci gaba da shigo da na Brussels, aka riƙa sayar da shi da sunan na Ingila, sunan ya bi shi har yau.

Tsadar tana da dalili. A Alençon, inda har yanzu akwai ɗakin aiki na gwamnati da ke raye da sana'ar, santimita ɗaya murabba'i, wato abin da bai wuce faɗin farce ba, yana cin kusan awa bakwai, koyon aikin kuma shekara bakwai zuwa goma. A 2010 hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a cikin jerin al'adun gado na duniya. To amma kuɗin bai taɓa tsayawa a hannun masu saƙar ba. A ƙauyukan Ingila akwai makarantun leshi inda ake zaunar da yara tun suna shekara biyar ko shida, su wuni sunkuye a kan matashi. Da dare a kunna kyandir ɗaya, a kewaye shi da kwalaben gilashi cike da ruwa, kowace kwalba ta tattara hasken ta jefa shi kan aikin mutum guda. Dillalai da yawa ma da kayan kanti suke biya a maimakon kuɗi. Sunan mai sa leshin yana cikin littattafai da zane-zane, sunan mai saƙa shi kuwa da wuya a same shi.

Kwalba, madara da hodar dalma

Kayan da ya yi wannan tsada ba a yar da shi don ya yi datti. Akan kwance leshi daga tsohuwar riga a maida shi kan sabuwa, a rubuta shi cikin wasiyya tare da zinare da filaye. Don haka wankinsa ya zama sana'a mai zaman kanta. A 1564 wata mata 'yar Filandas mai suna Dinghen van den Plasse ta zo Landan ta buɗe wurin koyar da sa sitati, matan gari suna biyan ta kuɗi masu kauri don su koya. Wannan ne zamanin manyan kwalaye masu nankai da ake gani a wuyan Sarauniya Elizabet ta Farko a zane-zane, waɗanda ba sa tsayuwa sai da sitati da ƙarfe mai zafi, kuma ruwan sama ɗaya ya isa ya kwantar da su.

Zuwa ƙarni na 19 littattafan kula da gida na Turai sun cika da dabarun wankin leshi. Wadda ta fi shahara ita ce ta kwalba. A naɗe kwalba da ƙyalle mai laushi, a nannaɗa leshin a kai ba tare da an ja shi ba, a ɗan kama shi da zare, a rufe da wani ƙyallen, sannan a tsoma kwalbar cikin ruwan sabulu. Ruwa na shiga yana fita, hannu bai taɓa zaren ba, kuma a kan kwalbar zai bushe da siffarsa. Waɗannan mata sun gano abin da masana adana kaya ke koyarwa yau: jiƙaƙƙen leshi ba ya iya ɗaukar nauyin kansa, sai an ba shi abin jingina.

Wasu dabarun kuwa garin neman gira aka rasa ido. Akwai masu jiƙa leshi a madara don ya yi laushi ya samu launin tsufa. Marubuciyar Ingila Elizabeth Gaskell ta yi wasa da wannan al'ada a littafinta Cranford na 1853, inda wata dattijuwa ta jiƙa leshinta na gado a madara ta fita, kyanwa ta shanye madarar har da leshin, aka kama ta aka ɗura mata maganin amai, leshin ya dawo, aka wanke shi aka ci gaba da ado da shi. Labarin na ban dariya ne, amma madara tana barin maiƙo da zaƙi a jikin zare, waɗanda daga baya suke zama tabo kuma suke kiran ƙwari. Wasu sun riƙa rina shi da shayi ko gahawa. Mafi muni shi ne abin da aka yi a masana'antun Brussels: idan furannin da aka saƙa suka yi dauɗa a hannun ma'aikata, sai a buga musu farar hodar dalma su fito fes. Dalma guba ce, ta sa wa ma'aikata ciwo, leshin kuma daga baya yakan yi baƙi idan ya haɗu da gurɓatacciyar iska. A leshin Alençon akan sa gashin doki a gefen fure don ya tsaya, in an tsoma shi a ruwa ba da sani ba sai gefen ya tattare.

Inji da auren Biktoriya

Juyin juya halin Faransa na 1789 ya fara karya kasuwar, domin manyan masu sayen sun gudu ko an kashe su, ado mai yawa kuma ya zama abin tuhuma. Sannan inji ya iso. A 1809 John Heathcoat ya yi rajistar injin da ke saƙa raga irin wadda mata ke shafe watanni suna yi. A 1813 John Levers ya gyara fasahar a Nottingham, aka samu injin da daga baya ya iya fitar da fure. A 1816 ma'aikata da ke tsoron rasa abinci suka afka wa masana'antar Heathcoat a Loughborough suka farfasa injinan, shi kuma ya kwashe ya koma Tiverton a yankin Devon, kusa da garin Honiton da ƙauyukan da matansu ke rayuwa da saƙar hannu. Kasuwar waɗannan mata ta faɗi warwas.

A wannan hali ne Sarauniya Biktoriya ta tashi aure. Ta ba da odar leshin rigarta daga yankin Honiton. Wata mata mai suna Jane Bidney ta jagoranci aikin a ƙauyen Beer da ke bakin teku, mata kusan 200 suka yi ta yi daga Maris zuwa Nuwamba na 1839. Ranar 10 ga Fabrairu 1840 ta auri Yarima Albert cikin farar rigar siliki da wannan leshi, kuma daga nan farar rigar amarya ta bazu a Turai. Biktoriya ba ta kulle leshin a akwati ba. Ta riƙa sa a kwance shi a ɗora kan wasu riguna, ta sa shi a bukukuwan baftismar 'ya'yanta da na aurensu. Cikin 'ya'yanta mata biyar, autarsu Beatrice kaɗai ta ba aronsa a aurenta a 1885. Da ta rasu a 1901, da mayafin aurenta aka rufe ta, kamar yadda ta yi wasiyya.

Rigar baftismar da aka ambata a farko ita ma daga hannunta ta fito. An yi ta ne domin 'yarta ta fari, aka fara sa ta ranar 10 ga Fabrairu 1841, shekara ɗaya cif da auren, da silikin Spitalfields na Landan da leshin Honiton. An ruwaito cewa bayan kowane biki da hannu ake wanke ta da ruwa mai tsabta, a mayar da ita ɗaki mai duhu. Idan aka raba shekara 163 ga jarirai 62, za a ga cewa rigar takan fito ne kusan sau ɗaya a shekara biyu da rabi, ta yi 'yan awoyi a jiki, sauran lokacin duka tana kwance. Ƙarancin taɓawa da duhu su ne suka kai ta inda ta kai. Da ta gaji, mai kula da tufafin Sarauniya, Angela Kelly, ta ɗinka kwafinta, ta jiƙa sabon leshin a ruwan shayi har ya ɗauki launin tsohon. Kwafin ya fara aiki a 2008, shi ne kuma Yarima George ya sa a 2013.

Ita kanta sana'ar ta sha kusantar mutuwa. A tsibirin Burano na Venis, a 1872, sanyi ya daskarar da ruwa, masunta suka rasa abin yi, yunwa ta shigo. Da aka nemi farfaɗo da saƙar leshi don mata su samu abin hannu, sai aka tarar wata tsohuwa, Cencia Scarpariola, ita ce ta rage da sanin tsohon salon garin. Daga hannunta aka ɗauka aka buɗe makaranta. A ƙasar Ailan kuma, a zamanin babbar yunwar da ta fara a 1845, wata mata 'yar zuhudu a garin Youghal ta warware wani tsohon leshin Italiya ɗinki bayan ɗinki har ta gane yadda aka yi shi, ta koya wa 'yan matan gari. Da ba a adana wancan tsohon guntu ba, da babu abin warwarewa.

Daga Lustenau zuwa akwatin lefe

Leshin da muka sani a nan jikan wani reshe ne daban. A 1863 wani mutumin Suwizalan, Isaak Gröbli, ya ƙera injin surfani mai allurai da yawa da ke aiki lokaci guda. Garin St. Gallen ya yi arziki da shi, haka ma maƙwabtansa na tsallaken iyaka a yankin Vorarlberg na Ostiriya, musamman garin Lustenau. A shekarun 1880 aka gano dabarar yin surfani a kan yadin da za a narkar da sinadari, a bar surfanin tsaye shi kaɗai kamar leshin hannu. Daga shekarun 1960 masana'antun Lustenau suka samu kasuwa a Legas, suka riƙa zana furanni da launuka bisa son matan Nijeriya, 'yan kasuwa mata kuma suna zuwa har can suna zaɓe. Daga Legas ya hauro Arewa ya samu gurbi a lefe kusa da atamfa da shadda. A 2010 gidan tarihin al'adu na birnin Viyana, tare da hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya, ya shirya baje koli a kan wannan ciniki.

Ma'anar wannan ita ce leshin da aka sa wa wata amarya a lefe a 1975 yau ya kai shekara hamsin ko ya haura. Ya shiga sahun kayan gado, ko da masu shi ba su lura ba. Yawancinsa surfanin inji ne a kan auduga, ya fi na hannu ƙarfi nesa ba kusa ba, amma abokan gabansu ɗaya ne.

Abin da ke cin leshi

Auduga da lilin daga tsiro suke, kuma kamar takarda, iska da zafi da haske suna sa su yin rawaya suna rage musu ƙarfi. Ɓarnar haske taruwa take yi, ba ta komawa. Shi ya sa gidajen tarihi ke nuna tsofaffin tufafi cikin haske dishi-dishi, ba sa wuce lakis 50 a ma'aunin haske. Katako da kwali na yau da kullum suna fitar da sinadarin asid a hankali, shi ne ke barin jan layi a inda yadi ya jingina da jikin adaka. Ninki ɗaya da ya shekara ashirin a wuri guda yakan zama wurin yagewa. Fil da maɓallin ƙarfe suna tsatsa, tsatsa kuma tana huda zare. Sitati abincin asu ne da kyankyaso. Leda tana tare danshi ta haifar da fumfuna. Gumi, turare, da ɗigon lemo mai sukari ba sa nuna kansu ranar biki, sai bayan shekaru su fito launin ƙasa.

Siliki yana da nasa ciwon. A ƙarshen ƙarni na 19 masana'antu sun riƙa jiƙa shi da sinadarin kuza don ya yi nauyi ya yi tsada, irin wannan silikin yau yana tsattsagewa da kansa, babu maganinsa. Baƙin leshi na da kuma, wanda aka rina da sinadarin ƙarfe, rinin ne ke cinye zaren. Masana sun fi son danshin iska ya tsaya wajen kashi 50 cikin 100 ba tare da hawa da sauka ba. A ƙasarmu kuwa hunturu yana busar da komai ƙayau, Agusta ta jiƙa shi, zare na kumbura yana motsewa kowace shekara. Ɗakin da ke tsakiyar gida ya fi wanda ke ƙarƙashin kwano kai tsaye ko jikin bangon da ke tsotsar ruwa.

Riƙon amana

Ƙa'idar farko ta masu adana kayan tarihi ita ce kada a yi wa kaya abin da ba za a iya warwarewa ba, wanki kuwa ba ya warwaruwa. Don haka tambayar farko ita ce ko wankin ya zama dole. Rawayar tsufa ba datti ba ce, ƙoƙarin mayar da ita fari fat shi ya fi kashe tsofaffin kaya. Ƙura ana iya ɗauke ta da burushi mai laushi. Idan kayan siliki ne, ko baƙi ne, ko yana da duwatsu da aka manna da gam, ko zarensa na zuba in an taɓa, a bar shi da ruwa, a nemi wanda ya san aikin.

In auduga ce ko lilin mai sauran ƙarfi, a fara da gwaji: a ɗiga ruwa a ɓoyayyen wuri, a danna farin ƙyalle, a ga ko launi zai fita. A cire duk wani ƙarfe. A kama wuraren da suka yage da zare mai laushi kafin a jiƙa, domin ruwa yana faɗaɗa yaga. A shimfiɗa kayan a kan farin zane ko raga, a saukar da su tare cikin baho mai faɗi da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu mara ƙarfi kaɗan, wanda babu turare ko sinadarin ƙara fari a cikinsa. Ba a cuɗawa, ba a murɗewa, ba a matsewa. Dannawa ake yi da tafin hannu ko soso. Ruwan bilic ba ya kusantar wurin: yana raunana auduga, siliki kuma narkar da shi yake yi. A ɗauraye sau da yawa har kumfa ta ƙare, na ƙarshe da tataccen ruwa, domin ruwan rijiya da na burtsatse sukan ɗauko ƙarfe da gishiri su bari a zare. A ɗaga shi da zanen da ke ƙarƙashinsa, a tsane shi da tawul, a gyara masa siffa da yatsa, a bar shi ya bushe a kwance a inuwa. Igiyar shanya da dutsen guga mai zafi na sababbin kaya ne.

Wajen ajiya, a sa shi da tsabta kuma babu sitati. A naɗe shi da tsohon farin zanen auduga da aka wanke sosai, ko takarda mara asid in ana samu. Guntaye masu tsawo a nannaɗe su a jikin abu mai zagaye da aka rufe da ƙyalle, kamar yadda matan da suka yi da kwalba. Riga kuma a kwantar da ita, a cusa ƙyalle mai laushi a cikin kowane ninki don kada ya karye, kada a ɗora mata nauyi, kada a rataye ta. Kafur kada ya taɓa jikin yadi. Turaren wuta da humra na kayan sawa ne, hayaƙi da mai suna zama a zare. Sau ɗaya ko biyu a shekara, musamman bayan damina, a buɗe a duba, a sha iska a inuwa, a sauya wurin ninki. Kuma a wanke hannu. Matan da suka yi aikin leshin rigar auren Kate Middleton a 2011 suna wanke hannu duk bayan minti 30, suna sauya allura duk bayan awa uku, alhali sabon zare suke taɓawa.

A sa ko a ajiye

Duk gidan da ya gaji irin wannan kaya yakan iso mararrabar da gidan sarautar Ingila ya iso a 2004. In an ci gaba da sawa, kayan zai ƙare. In an kulle shi har abada, yaran gida za su tashi ba su san shi ba, ranar rabon gado kuma ya tafi cikin tsummokara. Biktoriya ta zaɓi sawa, amma a manyan ranaku kawai, da hannun masu kula. Jikanyar jikanta ta zaɓi hutar da na asali da ɗinka kwafi don al'adar ta ci gaba. Kowanne yana da hujja, kuma ƙarfin zaren ne ya kamata ya yanke hukunci, domin kayan da ya fara zuba ba ya jure ko da biki ɗaya.

Akwai kuma aiki guda da ba ya cin ko kwabo, wanda rashinsa ya fi asu ɓarna. Gidajen tarihi na Turai cike suke da kyawawan leshi da ba a san wanda ya saƙa su ko wanda ya sa su ba, domin babu wanda ya rubuta. Wadda ke riƙe da leshin lefen mahaifiyarta ko na kakarta ta zauna da tsofaffin gida tun suna nan, ta tambayi shekarar, da garin, da wanda ya sayo, da telan da ya ɗinka, da bukukuwan da aka sa shi. Ta rubuta da fensir, domin tawadar biro tana zuba, ta sa takardar a cikin akwatin ba tare da ta jingina da yadin ba, ta ɗauki hoto da wayarta ta tura wa 'yan'uwa.